Wa Zai Riƙe Makullin Kotu Idan Ta Koma Kwamfuta?

Duk wanda shari'a ta taɓa kai shi kotu a ƙasar nan, ko ya raka wani nasa, ya san wasu kalmomi da ba a rubuta su a kowace doka ba, amma sun fi dokoki da yawa aiki: "Fayil bai zo ba." Suna da 'yan'uwa. Ba a kai sammaci ba. Motar gidan yari ba ta da mai. Ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. An yi wa alƙali canjin wurin aiki, sai an faro daga farko. Dukkansu wuri ɗaya suke ƙarewa, wato a ɗage zama. Wanda ke waje ya yi asarar kuɗin mota da yinin kasuwa. Wanda ke tsare kuwa a mayar da shi ɗakin da ya fito, ya ci gaba da zaman hukuncin da babu alƙalin da ya yanke masa. Alƙaluman Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali sun daɗe suna nuna cewa mutanen da ke tsare a Najeriya sun haura 70,000, kuma wajen biyu bisa uku daga cikinsu jiran shari'a suke yi.

Don haka idan aka ce za a haɗa kotunan ƙasa da layin sadarwa na kwamfuta, yadda za a shigar da ƙara ba tare da an bi layi ba, a aika sammaci ta waya, a ajiye kowace takarda a rumbun bayanan da gobara ko gara ba za su ci ba, babu mai hankalin da zai ce a'a. Mun ga abin da takarda ke jawowa. A watan Oktoba na 2020, lokacin tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS, an cinna wa Babbar Kotun Igbosere da ke Legas wuta, takardun shari'o'i masu ɗimbin yawa suka salwanta a yini guda. Wanda gadon gidansu ko shaidar filinsa ke cikin waɗannan takardu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan amfanin kwamfuta.

Aikin ma ba yau aka fara shi ba. A 2012, zamanin Alƙalin Alƙalai Dahiru Musdapher, aka kafa kwamitin tsara manufar fasahar sadarwa ta ɓangaren shari'a, ƙarƙashin jagorancin Babban Jojin Borno, Mai Shari'a Kashim Zannah. Daga nan aka samu manhajar bin diddigin ƙararraki ta ƙasa, sannan a 2018 aka ƙaddamar da adireshin imel na musamman ga lauyoyi, Kotun Ƙoli ta ce ta nan za ta riƙa isar musu da takardu. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa abin sauri, kotuna suka fara zama ta bidiyo, Borno ce ma ta yi gaba a watan Afrilu na shekarar.

Abin da ke damun mu shi ne yadda muke kallon wannan aiki. Muna ɗaukar sa kamar aikin jan ruwan famfo: a kira injiniya, ya auna, ya ce ga inda bututu zai bi, a biya shi. Amma mutumin da ya zauna da taswirar Najeriya yana zana wace kotu za a jona a bana, wacce sai baɗi, wacce sai in kuɗi sun ragu, a ina za a ajiye rumbun bayanai, wa zai iya buɗe fayil, wa zai iya gyara shi, hukunci yake yankewa, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma hukuncinsa ya fi na alƙali faɗi, domin alƙali mutum biyu ne a gabansa, shi kuwa miliyoyin da bai taɓa gani ba. Ga shi kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan zanen injiniya. Tambayar da muke son dubawa ita ce: wane haƙƙi ne ke wuyan mai wannan zane, kuma wa yake bin sa bashi?

Mu fara da inda igiyar za ta soma. Al'adar gwamnati ita ce a fara daga sama: Kotun Ƙoli, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai Babbar Kotun Tarayya, sai manyan kotunan jihohi. Akwai hujja a kan haka. Waɗannan kotuna ba su da yawa, suna cikin birane masu igiyar intanet, lauyoyin da ke zuwa gabansu sun saba da kwamfuta, kuma hukuncinsu shi na ƙasa ke bi. Sai dai talaka bai san Kotun Ƙoli ba sai a rediyo, ranar shari'ar zaɓe. Kotun da ya sani ita ce ta majistare, da kotun shari'ar Musulunci, da kotun yanki ko ta gargajiya. A nan ake raba gado, a nan ake maganar ciyarwa da riƙon 'ya'ya, a nan ake kai rigimar iyakar gona da bashin dubu hamsin, kuma daga nan ake tura mafi yawan masu jiran shari'a gidan yari. Idan aka gyara sama aka bar ƙasa, bankuna da manyan kamfanoni za su samu shari'a mai sauri, matar da ke neman kuɗin abincin 'ya'yanta ta ci gaba da jin "fayil bai zo ba". Tazarar da ke tsakaninsu a jiya ta ƙaru ke nan, kuma da kuɗin jama'a aka ƙara ta.

Malaman fiƙihu sun daɗe da fuskantar irin wannan tambaya, ko da yake ba su san kwamfuta ba. Sabon alƙali ya kama aiki, ya tarar da shari'o'i jibge, da wa zai fara? Amsar da ke cikin Muhtasar na Halil, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka yi ƙarnuka suna hukunci da shi, ita ce ya fara da waɗanda ke kurkuku, sannan ya duba sha'anin marayu da dukiyarsu. Wajen sauraron masu ƙara kuma a gabatar da matafiyi da wanda ake tsoron haƙƙinsa zai kuɓuce, sannan wanda ya riga zuwa, in an rasa wanda ya riga a yi ƙuri'a. Ma'aunin a fili yake: wanda jira ya fi cutarwa shi ake fara dubawa. Da mai zana layin sadarwa zai ɗauki wannan ma'auni, igiyarsa ta farko za ta haɗa ofishin 'yan sanda da kotun majistare da ofishin mai gabatar da ƙara da gidan yari. Kowane mutum da aka kama a ba shi lamba ɗaya da za ta bi shi har ƙarshen shari'a, kuma na'ura ta riƙa ƙirga masa kwanaki. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko da kwana 14, ta kuma iyakance sau nawa za a sabunta shi. Abin da aka rasa shi ne mai tunatarwa, kuma tunatarwa ita ce aikin da kwamfuta ta fi kowa iyawa.

Ba mafarki ba ne. Ruwanda ta ƙaddamar da irin wannan tsari a 2016, manhaja ɗaya da ta haɗa masu bincike da masu gabatar da ƙara da kotuna da gidajen yari. Indiya, wadda shari'o'in da ke jiran hukunci a cikinta suka haura miliyan 50, ta fara shirinta a 2007, ta mai da hankali kan kotunan gundumomi, har ta sa kwamfuta a fiye da 18,000 daga cikinsu. Ta kuma buɗe ƙananan ofisoshi a harabar kotuna inda ma'aikaci ke taimaka wa wanda ba shi da waya ko bai iya karatu ba. Wannan na ƙarshe shi ne darasin da ya fi shafar mu. Ranar da aka ce ba a karɓar ƙara sai ta intanet, ranar aka ƙirƙiri sabon ɗan tsakiya: mai shagon kwamfuta a bakin kotu, wanda zai karɓi nasa kafin a zo ga kuɗin gwamnati, ya kuma karanta sirrin auren mutane a kan allonsa. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya san cewa nisa yana hana adalci, shi ya sa sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Yanzu nisa ya samu sabon ma'auni. Mutum na iya zama a bayan katangar kotu, amma in ba shi da data, ba shi da caji, kuma fom ɗin da Turanci kaɗai aka rubuta shi, ya fi na kilomita 40 nisa. Kotunan shari'a a Arewa da Hausa suke zama, da Hausa ake rubuta bayanan zama a yawancinsu. Manhajar da ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, balle ajami, ta riga ta faɗi waɗanda aka yi ta dominsu.

Sai batun makulli, wanda a ganinmu shi ne zuciyar maganar. Ana cewa kwamfuta za ta kashe cin hanci, domin ba ta da aljihu. Gaskiya ne cewa za ta rage wa wasu iko. Ma'aikacin da a da fayil ba ya motsi sai an gan shi, zai wayi gari fayil ɗin ya wuce ba tare da ya bi ta teburinsa ba. Idan na'ura ce ke raba shari'o'i tsakanin alƙalai ta hanyar ƙuri'a, mai neman a kai ƙararsa gaban wane ya rasa ƙofa. Amma iko ba ya ɓacewa, wuri yake canzawa. Abin da yake warwatse a hannun dubban magatakarda da masinjoji, kowa da ɗan guntunsa, zai tattaru a hannun mutane ƙalilan masu riƙe da babbar kalmar sirri. Magatakardan da ya ɓoye fayil mutum ɗaya ya cuta, kuma an san sunansa, an san teburinsa, ana iya kai ƙararsa. Mai kula da rumbun bayanai yana iya canza kwanan wata a kan takarda daga nesa, ƙarar da aka shigar cikin wa'adi ta koma ta makara, kuma babu kankare ko sauyin tawada da za a nuna.

Wanda yake ganin wannan tsoro ya yi yawa ya dubi abin da ya faru a Birtaniya. Daga 1999 zuwa 2015 an samu masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 da laifin sata ko almundahana, bisa lissafin wata manhaja mai suna Horizon da kamfanin Fujitsu ya ƙera. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun rasa gidajensu, wasu sun mutu kafin a wanke su. Sun yi ta rantsuwa cewa ba su taɓa ko kwabo ba, amma dokar can ta ɗauka cewa kwamfuta daidai take aiki sai in an kawo hujjar akasin haka, hujjar kuwa tana hannun masu kwamfutar. A 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar cike take da kurakurai, kuma ma'aikatan kamfanin suna iya shiga asusun reshe daga nesa su yi gyara, abin da aka daɗe ana musantawa. Sai a 2024 majalisa ta yi doka ta musamman ta soke hukunce-hukuncen. Wannan ya faru ne a ƙasar da ke da wuta ba yankewa, da lauyoyi, da jaridu masu bincike. Manhajar ta yi kuskure, kamar yadda kowace manhaja ke yi. Zaluncin ya zo ne daga mutanen da suka gwammace su gaskata allo a kan su gaskata mutum.

Dokarmu ta fi tasu taka-tsantsan a nan. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kafin kotu ta karɓi takardar da kwamfuta ta fitar, sai an nuna cewa na'urar tana aiki yadda ya kamata a lokacin, kuma wani mai alhaki ya sa hannu a kan haka. To, idan kotu tana neman wannan daga banki da kamfanin waya, wa zai nema daga kwamfutar kotun kanta? Ranar da mai ƙara ya ce ya shigar da takardarsa ranar Litinin, allo kuma ya ce Alhamis, gaban wa zai kai kuka, tunda mai na'urar shi ne alƙalin? Amsar tana wurin mai zane, kuma tun kafin a sayi ko da waya ɗaya ake ba da ita. A gina rumbun ta yadda duk wanda ya buɗe fayil, ko ya ƙara, ko ya gyara, sunansa da lokacin za su shiga wata rajista da ba a gogewa, ko da Alƙalin Alƙalai ne. A ajiye kwafin rajistar a wurare daban-daban, hannun mutane daban-daban. Kada mutum ɗaya ya iya canza komai sai da amincewar na biyu. A ba mai ƙara rasit, na takarda ko na saƙon waya, wanda zai riƙe a hannunsa ya zama hujja a kan na'urar. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke da tsada idan aka kwatanta da kuɗin kwangilar. Abin da suke bukata shi ne mai iko ya yarda a ɗaure masa hannu.

Akwai wani makullin da ya fi wannan girma, shi ne na kashewa da kunnawa. A ƙarshen shekarun 1960 aka cire kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin Babban Joji, saboda an gane cewa kotun da mai mulki ke riƙe da albashinta da ƙofarta ba za ta iya ce masa a'a ba. A 2021 ma'aikatan kotuna sun rufe kotunan ƙasar nan wajen wata biyu suna neman a sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa. Duk wannan gwagwarmaya tana iya tashi a banza idan kotu ta koma zaune a kan layin da ɓangaren zartarwa ke riƙe da shi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Ko matakin daidai ne ko kuskure, wannan wata magana ce. Amma mu ɗauka a lokacin ba a shigar da ƙara sai ta intanet. Mutumin da aka kama a Gusau a makon, ta ina lauyansa zai nemi beli? Umarni ɗaya ga kamfanonin waya ya rufe kotu ke nan, ba tare da an kai ko ɗan sanda ɗaya ƙofarta ba.

Ba ma sai da niyyar kowa ba. A watan Maris na 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta fama. A watan Oktoba na shekarar jihohin Arewa da dama sun shafe kwanaki babu wutar lantarki. A Afirka ta Kudu, a watan Satumba na 2021, masu kutse sun kulle kwamfutocin ma'aikatar shari'a, har biyan kuɗin ciyar da yara ya samu tsaiko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kotun da za ta yi aiki a Birnin Gwari ko Gwoza dole a tsara ta da zaton cewa sabis zai ɗauke: ƙaramar na'ura a cikin kotun mai aiki da hasken rana, tana ajiye bayanai a wurin, ta aika su cibiya in layi ya dawo. Kuma doka ta faɗa ƙarara cewa faɗuwar layi ba ta cin wa'adin kowa, ƙofar takarda kuma ba a rufe ta gaba ɗaya.

Daga nan sai tambayar da ta fi wuyar amsawa: me ake rasawa idan alƙali da wanda ake tuhuma ba su haɗu a ɗaki ɗaya ba? A watan Mayu na 2020 wata babbar kotu a Ikeja ta yanke wa wani mutum hukuncin kisa ta Zoom, yana gidan yari, alƙali da lauyoyi kowa a inda yake. A watan Yuli na shekarar Kotun Ƙoli ta bayyana cewa zama ta bidiyo bai saɓa wa Kundin Tsarin Mulki ba. Ta fuskar doka magana ta ƙare. Ta fuskar lamiri kuwa da saura. A wasiƙar da ake dangantawa ga Halifa Umar zuwa ga alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari, an umarci alƙali ya daidaita mutane a fuskarsa da mazauninsa, don kada babba ya sa rai da son kai, kada mai rauni ya yanke ƙauna. A allo daidaiton nan yana da wuya. Lauyan gwamnati yana ofis mai sanyi, hotonsa tar, muryarsa garau. Wanda ake tuhuma yana wani lungu na gidan yari, gandiroba a tsaye a bayan kyamara inda alƙali ba ya gani, murya tana yankewa, tafinta yana cewa a maimaita. Ba zai iya raɗa wa lauyansa magana ba. In an doke shi jiya, tabon yana ƙasan inda kyamara ta tsaya. Alƙali kuma ɗan Adam ne: faɗa wa mutum cewa za a rataye shi yana kallon ƙwayar idonka yana da nauyin da ya kamata a ji, kuma ba ma son ranar da nauyin nan zai ragu.

Sai dai adalci ne mu faɗi ɗaya ɓangaren. Ga shaidar da ke tsoron bin hanyar da ake garkuwa da mutane, ga yarinyar da aka yi wa fyaɗe wadda ba za ta iya magana a gaban wanda ya cuce ta ba, ga likitan da ba zai bar marasa lafiya ya yi tafiyar kwana biyu don shaidar minti goma ba, ga magajin da ke Kumasi ko Jidda ana raba gadon mahaifinsa a Kano, bidiyo rahama ce. Wanda ya shekara uku ba a kai shi kotu ba saboda babu mota, in aka tambaye shi, zai zaɓi allo a kan shiru. Don haka kuskure ne a yi wa dukkan zama hukunci ɗaya. Ambaton ƙara, sa rana, ƙananan roƙo, waɗannan a yi su ta waya a huta. Amsa laifi, shaidar da hukunci zai rataya a kanta, da yanke hukuncin da zai ɗauke wa mutum 'yanci ko rai, a yi su ido da ido, sai in shi da kansa ya zaɓi akasin haka. Kuma kada rashin motar gidan yari ya zama dalilin da za a ce ya zaɓa.

Abu biyu kuma suna tafe da kwamfuta waɗanda ba a cika lura da su ba. Na farko ƙirga. Da zarar an haɗa kotuna, shugabanni za su ga allo mai nuna shari'a nawa kowane alƙali ya gama a wata. Wannan zai tona asirin malalaci, kuma muna maraba. Amma abin da ake ƙirgawa shi ake bauta wa. Alƙalin da ya ɓata zama uku yana sulhunta 'yan'uwa kan gidan gado, har suka fita suna gaisawa, a allo ya fi wanda ya kori ƙara goma kan kuskuren fom lalaci. Sauri ya kan haifi nawa: hukuncin gaggawa ɗaukaka ƙara yake haifarwa. Na biyu mantuwa. Takarda tana da wata kunya da ba a shirya mata ba: shari'a a bainar jama'a ake yin ta, amma bayan shekara goma sai mai nema da gaske ne zai tono ta. Rumbun da ke buɗe ga intanet ba ya mantuwa. Saurayin da aka tuhuma aka wanke, matar da ta faɗi abin da ya raba aurenta don a ba ta haƙƙinta, sunayensu za su fito duk ranar da mai neman aure ko mai ɗaukar aiki ya bincika. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta zo, amma mai zane ne zai raba abin da jama'a ke da haƙƙin gani, wato yadda alƙali ya yi hukunci da hujjarsa, da abin da ba ruwan kowa da shi.

Wani zai ce duk wannan jan ƙafa ne, kuma masu cin moriyar ɓatan fayil su ne za su fi kowa jin daɗin irin wannan rubutu. Maganarsa tana da ƙarfi. Kowace rana da aka ƙara ana muhawara, wani yana kwana a kurkuku ba da haƙƙinsa ba, kuma tsarin da yake da aibi ya fi babu. Amsarmu ita ce abin da ke kashe irin wannan aiki ba yawan tambaya ba ne, rashin yin ta a kan lokaci ne. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta so ta haɗa kotunan gundumominta 58 da manhaja ɗaya. An kashe fiye da dala miliyan 500, aka yi watsi da aikin a 2012, bayan alƙalai da ma'aikatan kotunan ƙasa sun daɗe suna kukan cewa ana rufe musu ɗakunan shari'a saboda rashin kuɗi, ana zuba kuɗin a kwamfuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rajistaran kotun majistare, da gandiroba mai riƙe da littafin shiga da fita, da matar da ta yi zuwa bakwai kan kuɗin ciyarwa, sun san inda shari'a ke maƙalewa fiye da duk wani ƙwararre da za a ɗauko. Zama da su ba ya cin wata uku. Gyaran abin da aka gina ba da su ba yana cin shekara goma.

Bayanan shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci da tawada, suna nan har yau, masana tarihi suna karanta su, suna ganin wa ya kai ƙara, me ya ce, me aka hukunta. Magatakardan da ya rubuta su bai san wa zai karanta ba, amma ya rubuta yadda wani zai iya bin sawunsa. Wannan shi ne abin da muke nema daga masu zana mana sabuwar kotu. Kafin a sa hannu a kwangila, a fito a gaya wa jama'a wace kotu za a fara jonawa kuma me ya sa, wa ke da mallakar manhajar idan kamfanin ya tafi, wa ke riƙe da kalmar sirri kuma wa ke duba shi, me zai faru ranar da layi ya ɗauke, kuma ina wanda na'ura ta cuta zai kai kuka. Ƙungiyar lauyoyi, da majalisun dokoki, da malamai, da 'yan jarida, da mu da shari'a kan iya faɗo wa kowace rana, duk muna da haƙƙin jin amsa tun zanen yana kan takarda, lokacin da fensir da abin gogewa suka isa a gyara shi.